Yadda Ɗiyata Ta Zaɓi Jami'ar Baƙar Fata

Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, lokacin da ta faɗa mini inda take so ta yi karatun jami'a. Ranar Asabar ce bayan la'asar, muna ɗakin girki a gidanmu na Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon, hawa na shida. Uwarta tana yanka albasa, ni kuma ina gyaran ƙafar wata kujera da ta daɗe tana rawa. Ta shigo ta jingina da ƙofa, kamar yadda take yi idan ta daɗe tana shirya magana.

"Baba, ina so in nemi wata jami'a a Amurka."

Na ce Amurka babbar ƙasa ce, wace jami'a? Ta ce ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa wa baƙar fata tun zamanin da sauran jami'o'in ƙasar ba sa karɓarsu. Ta faɗi sunan, ban taɓa jinsa ba. Ta ce a kudancin ƙasar take, kuma suna da sashen injiniya mai kyau.

Na ajiye kujerar na dube ta.

"Na baro Maradi, na sha sanyin Lyon shekara da shekaru, don ku zauna aji ɗaya da 'ya'yan masu ƙasa ku yi gogayya da su. Ke kuma yanzu za ki ƙetare teku ki je ki ɓuya cikin 'yan'uwanki baƙaƙe?"

Kalmar ɓuya ta yi mata zafi, na gani a fuskarta. Ta juya ta koma ɗakinta. Uwarta ta ci gaba da yankan albasa, can ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba, "Ko tambayarta dalili ba ka yi ba."

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake a lokacin. Karatun kimiyyar sinadarai ya kawo ni Faransa, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ina aiki a ɗakin binciken da ke auna tsabtar ruwan sha. Abin da na koya a ƙasar nan, kuma na koya wa 'ya'yana, shi ne mutum ya ninka ƙoƙarin kowa, ya rage magana, ya bar aikinsa ya yi masa shaida. Da haka na samu aiki, da haka na riƙe shi. A ganina, makarantar da aka ware wa baƙar fata ja da baya ce, kamar mutum ya ce ya gaza.

Kusan mako biyu muka yi ni da ɗiyata ba mu wuce gaisuwa ba. Matata ce ta gaji, ta kira yayata da ke zaune a Bobigny, a gefen Paris, ta faɗa mata. Yayata ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma har yau idan ta yi magana ba na musu. Tana aiki a wani shagon atamfa kusa da unguwar Barbès a Paris. Da yamma ta kira ni, bayan gajeruwar gaisuwa ta shiga zancen.

"Kai ba ka san makarantun nan ba, ni ma ban san su ba, yarinyar ma a waya ta gan su. Amma akwai wata Hajiya da nake kai wa atamfa gida, baƙar Amurka ce, matar wani marigayi Alhaji ɗan Cadi. A irin makarantar nan ta yi karatu. Ku zo ranar Asabar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi."

Haka muka hau jirgin ƙasa da safe. Awa biyu ne daga Lyon zuwa Paris, muka yi su ɗiyata tana bitar darasinta, ni ina kallon gonaki ta taga. Yayata ta tarye mu a ƙarƙashin gadar metro, jirgin ƙasa na cikin gari, ranar kasuwa ce, ba masaka tsinke. Ta saya wa Hajiya mangwaro da na'ana'a, ta miƙa wa ɗiyata ledar, muka bi ta cikin wani titi har wani tsohon bene marar na'urar hawa. A hawa na huɗu wata tsohuwa doguwa ta buɗe mana ƙofa, ta kusa shekara tamanin, da farin ɗankwali da tabarau rataye a wuya.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya? Ya hanya?"

Hausarta irin ta 'yan kasuwar Cadi ce, wajen mijinta da abokansa ta tsince ta, kuma ba ta wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba. Sauran hirar da Faransanci muka yi, nata mai jan harshe irin na Amurkawa. Ta ce ta yi aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Paris har ta yi ritaya. Ta kawo mana shayi da wani burodin masara mai ɗan zaƙi, ta zaunar da ɗiyata kusa da ita, ta tambaye ta me take son karanta, da kuma makinta a lissafi. Sai da ta gamsu sannan ta juyo gare ni.

"Malam, yayarka ta ce ba ka so. Bari in fara ba ka labarin inda makarantun suka fito, sannan ka faɗi naka."

Ta ce kakar mahaifiyarta baiwa aka haife ta. A yankinsu, a zamanin bauta, doka ta hana a koya wa bawa karatu, wanda aka kama yana koyarwa ana hukunta shi. Da aka yi yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, abin da mutane suka fara nema bayan danginsu da aka sayar shi ne makaranta. Tsoho mai furfura da jikansa a benci ɗaya suke zama suna koyon baƙaƙe. Ba gine-gine, don haka wasu makarantun a ɗakin coci suka fara, wasu a tsohon barikin soja, akwai ma wadda ta fara a cikin tsohon taragon jirgin ƙasa. Coci-coci sun taimaka, wasu fararen fata ma sun taimaka, amma mutanen da suka fito daga bauta da kansu suka riƙe abin, wannan ta kawo ƙwai, wancan ya kawo ƙarfinsa.

Ta tashi ta ɗauko wani hoto daga saman kabad, na wani dogon gini na jan bulo mai fararen ginshiƙai.

"Kakana yana cikin ɗaliban da suka buga bulon nan, suka gasa shi, suka yi ginin. Da safe aiki, da rana aji. A ginin nan na yi darasin sinadarai na farko."

Ta ce da farko malamai aka fi horarwa, su kuma suka bazu ƙauyuka suna buɗe ƙananan makarantu. Daga baya aka fara fitar da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, kuma da yawa daga cikin lauyoyin da suka je kotu suka karya dokar wariya a makarantun nan suka yi karatu. Har daga Afirka ɗalibai sun je ta jirgin ruwa, wasunsu sun dawo sun jagoranci ƙasashensu zuwa 'yancin kai. Ita kanta, lokacin da ta gama sakandare, babbar jami'ar jiharsu ba ta ɗaukar irinta, ko da kuwa ta fi kowa maki.

Ina sauraronta, wani abu ya faɗo mini a rai wanda ban faɗa ba. A unguwarmu ta Maradi, ina yaro, an san gidajen da ake cewa asalinsu bayi ne, kuma na sha jin manya suna rage murya idan zancen aure ya taso da su. Ban taɓa tambayar kowa komai a kai ba. Ga shi wata tsohuwa a hawa na huɗu a Paris tana faɗin nata asalin kai tsaye, tana nuna hoton ginin da ya fito daga ciki.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba. Na ce, "Hajiya, na ji, kuma abin girmamawa ne. Amma wancan zamani ne, ƙofa a rufe take, dole ce ta sa. Yanzu ƙofofi a buɗe suke, a can da nan. Me zai sa yarinya ta koma inda dole ta kai kakanninku?"

Ta ce da farko in sani makarantun ba sa hana kowa shiga, akwai fararen fata da 'yan wasu ƙasashe a cikinsu, masu koyo da masu koyarwa. Sai ta kurɓi shayi ta tambaye ni.

"Lokacin da kake jami'a a Lyon, irinka nawa ne a ɗakin darasi?"

"Mu biyu. Daga baya ni kaɗai."

"Idan ba ka gane abu ba, kana ɗaga hannu?"

Gaskiyar magana, shekara huɗu na yi a babban ɗakin nan mai benci hawa-hawa ban yi tambaya ko ɗaya ba. Ba don na gane komai ba. Ina tsoron kada a ce ɗan Afirkan nan bai gane ba, kuma gobe a auna duk wani ɗan Afirka da ni. Sai in rubuta abin a gefen takarda, in tafi ɗakin karatu in kashe awa uku kan abin da malami zai warware mini cikin minti ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko matata. Ranar na faɗa, a gaban yayata da ɗiyata.

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta ce ita ta faɗi jarrabawar sinadarai ta farko, faɗuwa mai muni. Malamin ya kira ta ofishinsa, ya yi mata faɗa irin na uwa, ya ce duk Asabar ta zo da littafinta har sai ta miƙe.

"Ba wanda ya ce launin fatata ne ya kayar da ni. Ta ɗaya a ajin baƙa ce, na ƙarshe ma baƙi ne. Idan na faɗi, ni ce ban yi karatu ba. Idan na ci, ni ce na ci. Shekara huɗu na yi ina ɗaliba kawai. Da na fito na shiga cikin fararen fata, a can da nan Paris, na riga na san abin da na iya, ba wanda ya isa ya sa ni shakka."

Na ɗauka daga nan za ta ce wa yarinyar ta haɗa kaya. Ba haka ta yi ba. Ta riƙe hannunta ta ce kada ta zaci aljanna za ta. Yawancin makarantun ba su da dukiyar manyan jami'o'i, wasu gine-ginen sun tsufa, kuma ofisoshin takardu suna iya sa mutum ya yi kuka. Ba duka ne suke daidai ba, akwai masu ƙarfi, akwai masu rauni. Ta ce wa yarinyar ta bincika ko sashen da take so yana da kayan aiki, ko ana amincewa da takardarsu a Faransa, ina waɗanda suka gama suke samun aiki, wane tallafin karatu ake ba baƙi, akwai masallaci kusa ko babu. Ta rubuta wa ɗalibai na yanzu, kada ta tsaya ga hotunan talla.

"Kuma ki sani, a can ba za ki zama 'yar gida nan take ba. Za su kira ki 'yar Faransa. Kakanninki ba su shiga jirgin bayin da namu suka shiga ba. Akwai abubuwan da za ki saurara tukuna kafin ki sa baki. Kada ki zaɓi makaranta don tarihinta kaɗai, tarihi ba zai koya miki lissafi ba."

A jirgin komawa muka samu kujeru masu fuskantar juna. Da muka wuce bayan gari sosai ɗiyata ta yi magana.

"Baba, ka tuna matar nan mai ba ɗalibai shawara, a ƙarshen kwaleji, kafin in shiga lise?"

Na tuna. Matar ta rubuta cewa ɗiyata ta fi dacewa da gajeren karatun sana'a, alhali makinta na lissafi yana cikin na gaba a ajin. Na sa kwat na je makarantar, na yi magana cikin ladabi, aka gyara takardar. Kullum ina ƙirga wannan cikin nasarorina.

"Ka yi mata godiya sau uku," in ji ta. "Ina tsaye a bayanka ina ƙirgawa. Ita ta yi kuskure, kai kake godiya. Ban ga laifinka ba, na san don ni ka yi. Amma ranar na ce a raina ina so in ga wurin da ba sai an roƙa mini ba."

Na so in ce mata godiyar nan ita ce ta buɗe mata ƙofar lise, kuma gaskiya ne. Amma na ga ita ma ta san haka. Sai na ce ta nemi jami'ar, da sharaɗi biyu: ta nemi ta Lyon ma, kuma duk tambayoyin da Hajiya ta lissafa mu bi su ɗaya bayan ɗaya, tare.

Watannin da suka biyo baya takardu ne suka cika teburin falo. Ta yi jarrabawar Ingilishi, ta rubuta bayanin kanta ta sake rubutawa har sau biyar. Malaminta na kimiyya, wani Bafaranshe mai yawan shiru, shi ya rubuta mata takardar shaida. Da na je ganinsa na zaci zai ce ɓata basira ce, sai ya ce mini ya yi shekaru yana lura da ita, ta san amsa amma sai an kira sunanta take faɗa, kuma yana fata ta samu inda za ta saki jiki. Cikin makarantu uku da ta fara dubawa mun jefar da ɗaya, don ɗalibanta biyu sun rubuto cewa ɗakin gwajinsu ya daɗe a rufe ana jiran gyara. A wadda ta fi so, wata farfesa ta sashen injiniya ta yarda ta yi magana da mu ta bidiyo. Da ta ji aikina, sai ta shiga tambayata yadda muke auna dalma a cikin ruwa, ɗiyata tana fassara inda Ingilishina ya ƙare. Mun fi minti ashirin a kai kafin mu dawo zancen yarinyar.

Amsoshin sun zo kusan tare. Lyon ta karɓe ta, a makaranta mai kyau, tafiyar rabin awa a bas daga gida. Ta Amurka ma ta karɓe ta, da tallafin da ya ɗauke mafi yawan nauyin. Na yi kwana biyu ina fatan ta canza ra'ayi da kanta. Ba ta canza ba. Uwarta ta fi ni ƙarfin hali, abin da kawai ta nema shi ne lambar wasu iyali Musulmi a garin, kuma an samu, mutanen arewacin Nijeriya ne, mijin yana koyarwa a jami'ar.

Watannin farko sun yi mata wuya, kamar yadda aka faɗa mata. Zafin kudu ya dame ta, Ingilishin da ta koya a lise ba shi ne wanda ake yi a ɗakin kwana ba, kuma sunan 'yar Faransa ya bi ta tun makon farko. Wata rana a darasin tarihi ta faɗi wata magana kan bauta da ta zaci ba komai, wata ɗaliba ta amsa mata da zafi, ta kira uwarta tana kuka. Ta yi kwana biyu ba ta shiga aji ba. A rana ta uku farfesar nan ta aiko a kira ta, ta tambaye ta ko ba ta da lafiya, da ta ji labarin ta ce ta je ta nemi ɗalibar da ta amsa mata su yi magana, sannan gobe tana son ganinta a benci na gaba. Ta je. Yanzu ɗaki ɗaya suke da waccan ɗalibar, kuma a gidansu ta yi hutun ƙarshen shekara, inda kakar gidan ta sa aka daina zuba naman alade a tukunyar ganye saboda ita.

Tana shekara ta uku yanzu. Da ta zo hutu bara na lura muryarta ta ƙara ƙarfi, tana katse ni a tsakiyar magana, abin da ba ta yi a da, kuma ba koyaushe nake jin daɗinsa ba. Ta hau jirgi ita kaɗai ta je Paris gaida Hajiya, suka yini suna gardama kan makarantar wa ta fi, don ba ɗaya suka yi ba, kuma ashe akwai tsohuwar hamayya tsakanin makarantun biyu. Yayata ta ce ta daɗe ba ta ga tsohuwar ta yi dariya haka ba.

Har yau ban sani ba ko da ɗiyata ta zauna a Lyon za ta zama abin da ta zama. Mai yiwuwa ne. Ƙanwarta, wadda ke lise yanzu, ta ce ita ba inda za ta, likitanci za ta karanta a nan, kuma ban ce mata komai ba sai fatan alheri. Na daina tunanin hanya ɗaya ce.

Bana babbar ba za ta zo hutu ba, ta samu aikin koyon sana'a na wata uku a wani kamfani da ke wata jiha, ta hannun wata tsohuwar ɗalibar makarantarsu. Uwarta ta yi fushi na yini ɗaya, sannan ta shiga daka yaji da haɗa kuka da daddawa. Akwai wani Alhaji ɗan arewacin Kamaru, abokin cinikin yayata, da zai tashi zuwa Amurka ranar Alhamis, kuma ya yarda ya riƙe mata ƙunshin. Ni aka ɗora wa kai shi Paris, na riga na nemi hutun Laraba a wurin aiki.